Kumfar cakulan: yadda za ku haɗa wa baƙi "mus" ko da babu firji

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau kicin muka shiga, kuma ƙanwata ce ta jawo. A Kusada take aure. Watanni kaɗan bayan tarewarta aka ce dangin mijinta za su zo mata wuni, har da surukarta. Kun san amarya da son a yaba. Ta ga wani bidiyo a TikTok, wata Baturiya ta haɗa wani abu mai laushi a ƙananan kofuna, sunansa mus na cakulan. Ta yi aike har Katsina aka sayo mata cakulan mai tsada, ta fasa ɗanyen ƙwai kamar yadda ta gani, ta buga, ta sa a firji da daddare. Cikin dare wuta ta ɗauke. Kafin azahar abin ya koma kamar kunu, har ya soma wani ɗan tashi. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, in ba su a haka?" Na ce wallahi kar ki soma, zubar da shi. Ranar zoɓo da cincin suka rufa mata asiri.

Kuɗi sun tafi, amma gara su da lafiyar Hajiya. Tun daga nan na sa kaina sai na gane abin nan. Na gwada, na ɓata, na sake gwadawa a gidanmu a Kankia. Ga abin da na koya.

Wai mene ne mus?

Da na faɗi sunan a gaban kakata sai ta ce, "Mussa kuma? Kyanwa za ku ba baƙi?" To ba mussa ba ce. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta kumfa. Shi ya sa ni na fi son in ce kumfar cakulan. Iska ce ake bugawa cikin maiƙo, sanyi ya riƙe ta a ciki. In kun riƙe wannan, kun gama rabin aikin: maiƙo, iska, sanyi. Ɗaya ya ɓace, komai ya rushe.

Maiƙon da ke cikin cakulan na gaske sunansa man koko. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba fa, kokon bishiya da ake nomawa a Kudu. Shi wannan mai yana narkewa a wajen digiri 34, jikin mutum kuwa yana digiri 37. Shi ya sa cakulan ke narkewa da zarar ya hau harshe. Yanzu ku tuna zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu, inda ake haura digiri 40. Kenan a bazararmu iskar ɗaki kaɗai ta isa ta narkar da aikinku. Baturiyar bidiyon ba ta da wannan matsala, shi ya sa ba ta faɗa ba.

Ku bar ɗanyen ƙwai

Asalin haɗin Faransawa da ɗanyen ƙwai ake yi, a buga farinsa ya yi kumfa. Mu a nan ban ba da shawarar haka ba. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa zawo da amai da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara illa. Ku duba masu zuwa wuni gidan amarya: su ɗin ne dai. Ga shi kiret ɗin ƙwai kan kwana da kwanaki a shago cikin zafi. Ƙwai sai ya kai wajen digiri 71 a wuta kafin a amince da shi. Hanyoyi biyun da zan kawo duk babu ƙwai a ciki.

Wajen sayayya

Ku juya bayan ledar cakulan ku karanta. In kun ga an rubuta cocoa butter, na gaske ne. In man gyaɗa ko man ƙwarar manja ko wani man itatuwa ne a madadinsa, wannan shi ne mai araha da masu kek ke amfani da shi wajen ado. Zai yi a hanya ta farko, amma ba zai ba ku yadda ake so a ta biyu ba. Ku nemi baƙi-baƙin nan mai koko kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Milo da Bournvita kuwa na shayi ne, sukari da sauran haɗi sun yi musu yawa, ba za su tsaya ba.

Ku kuma duba ko akwai giya a ciki, don wasu cakulan na waje ana sa musu. In wani bidiyo ya ce ku sa jelatin, ku sani akwai wanda ake yi da fatar alade, sai wanda aka rubuta halal. Mu dai ba ma buƙatarsa.

Za ku ji tsada, kuma da dalili. A watan Maris na 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya a karon farko, saboda cututtukan bishiya da rashin kyawun yanayi a Kodebuwa da Ghana, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Mu ma muna nomawa, a Ondo da Kuros Riba da Osun. Da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan a 1965. Amma har yau yawancinsa ɗanye muke fitarwa, mu dawo mu sayi cakulan da tsada. Wannan zancen wani shirin ne. Darasin yau dai: a yi a ƙananan kofuna. Abu ne mai nauyi, cokali biyar ya ishi mutum.

Hanya ta farko: mai kirim, ga mai tabbacin sanyi

Na mutum shida zuwa takwas:
– cakulan giram 200
– madarar ruwa, rabin gwangwani da ɗan ɗori
– kirim na bugawa, gwangwanin madara 2. In na gari ne irin na masu kek, a kwaɓa da ruwa mai ƙanƙara yadda aka rubuta a jikin leda
– gishiri ɗan mitsitsi

Ku yayyanka cakulan ƙanana a kwanon silba. Ku ɗora ruwa kaɗan a tukunya, in ya yi zafi ku rage wuta, ku aza kwanon a bakin tukunyar, gindinsa kar ya taɓa ruwan. Tururi ne zai narkar da shi. In kuka ɗora kai tsaye kan gas ko gawayi, ƙonewa zai yi, ya yi ɗaci. Ku zuba madarar da ɗumi tun farko, kuna juyawa har ya yi sumul yana sheƙi. Sauke.

Nan wurin haƙuri ne. Ku bar shi ya huce har in kun ɗiga a bayan hannu ba ku ji zafi ba, ba ku ji sanyi ba. In da zafi kuka haɗa, kirim zai narke. In ya yi sanyi da yawa, zai yi gudaji.

Ku buga kirim da maburgin waya, cikin kwanon da ke zaune a kan ƙanƙara. Kirim na madarar shanu sai maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin ɗari kafin ya tashi, kuma sai da sanyi. Ku tsaya in ya yi kauri kamar kindirmo mai kyau, in an ɗaga maburgi kan kumfar ya ɗan lanƙwaso. Kuka zarce, abin da Fulani ke samu in sun kaɗa nono za ku samu: man shanu gefe, ruwa gefe.

Sai haɗawa. Ku ɗebi kashi ɗaya bisa uku na kumfar ku gauraya da cakulan don ya saki. Sauran ku zuba sau biyu, kuna ɗagowa daga ƙasa zuwa sama da faffaɗan cokali, a hankali. Ba tuƙin tuwo ba ne! Duk juyi mai ƙarfi iskar da kuka wahala kuka sa yake fitarwa. Da farin ya ɓace, ku dakata. Zuba a kofuna, rufe, a sa a sanyi awa 3 zuwa 4.

Hanya ta biyu: cakulan da ruwa kawai

Wannan ita na fi so, don kamar saboda mu aka yi ta. Wani masanin kimiyyar girki ɗan Faransa, Hervé This, ya fito da ita a 1995. Ba kirim, ba ƙwai, ba firji. Ƙanƙarar da za ku saya wajen masu sayarwa ta isa.

Cakulan na gaske giram 200, ruwa gwangwanin madara 1 da ɗan ɗori. Ku narkar da su tare a wuta kaɗan har su zama ɗaya. Ku juye a kwanon silba, ku zaunar da shi cikin babban kwano mai ƙanƙara da ruwa, ku yi ta bugawa. Da farko za ku ce ba abin da ke faruwa. Bayan 'yan mintuna sai ku ga maburgi ya fara barin sawu. Ku tsaya nan take, ku cire daga ƙanƙara, don yana ci gaba da kamawa.

Wani zai ce, ba an ce ruwa na ɓata cakulan ba? Haka ne, ɗigo kaɗan ke ɓatawa. Ku tuna sukari: in ruwa ya ɗiga masa sai ya dunƙule, in kuka zuba da yawa sai ya narke. Haka cakulan yake. Daɗin wannan hanya kuma, ba asara. Ya yi tauri ko tsaki-tsaki? Mayar wuta, narkar, sake bugawa. Ya ƙi kamawa? Ƙara ɗan cakulan. Za ku iya yi saura rabin awa baƙi su gama cin abinci.

Ajiya da kai wa baƙi

In babu firji, kula da ƙanƙara za ta yi. Ku rufe kowane kofi da leda, ku jera su kan faranti a saman ƙanƙarar don kar ruwa ya shiga, ku daina yawan buɗewa. Randa ba za ta yi ba. Ko tukunya-cikin-tukunyar nan da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, ta tumatur da alayyafo ce. Abin da ke da madara yana son sanyin da bai wuce digiri 5 ba.

Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kar irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Saboda haka kar ku jera shi da kulolin shinkafa tun zuwan baƙi. Sai an ci, an wanke hannu, hira ta yi daɗi, sannan ya fito. In kuna da zaɓi, ku fara koyo da hunturu, ya fi yafiya.

Ado kuma ba sai an nemo sitiroberi daga Jos ba. Dakakkiyar soyayyar gyaɗa, ko yankakken dabino, ko kantun riɗi da aka farfasa, duk suna tafiya da cakulan. Ɗan garin citta ko kirfa a cikin haɗin ma yana ba shi ƙamshin gida. Kofunan shayi na gilashi da ke cikin kabet ɗinku sun wadatar.

Abu na ƙarshe, kuma shi na faɗa wa ƙanwata: kar ranar baƙi ta zama ranar gwajinku na farko. Ku gwada da giram 50 ku da yaran gida. Kuma kar a ci bashi don kofin cakulan. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da Sallar da ta wuce ta sake yi, ta hanya ta biyu, da ƙanƙarar da mijinta ya sayo a babur. Hajiya ta shanye nata, ta ce a ƙulla mata wani ta kai wa Alhaji. Sai da aka yi mata bayanin cewa ba zai kai gida ba.

Wanda ya gwada ya turo mana hoto, har wanda ya ɓaci muna so mu gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.