Kafin Ka Ba Kafinta Aikin Rufin Gidanka: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Yawancin masu gini hankalinsu na kan bulo da siminti, sai gini ya kai linta sannan a fara cigiyar kafinta cikin gaggawa. Alhali aikin kafinta ne ke riƙe da rufin da iyalinka za su kwana a ƙarƙashinsa, kuma da zarar an buga kwano an sa silin, ba ka ƙara ganinsa.

Wane aiki ne wannan?

Ba kowane kafinta ne ke aikin gini ba. Mai yin gado da kujera daban, mai hawa bango daban. Na gini aikinsa kashi biyu ne. Na farko shi ne haɗa allunan da ake zuba kankare a ciki, wato akwatin katako na ginshiƙi, da na linta, kankaren nan da ke bi ta saman ƙofa da taga, da na dakin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa, idan bene ne. Na biyu shi ne ɗaurin rufi: katakon da ke kwance bisa bango, da waɗanda ke tashi su haɗu a tsakiya su ba rufi gangara, da sirara da ake gittawa a kansu don a buga kwano.

Ta yaya za ka sami na kirki?

Magininka zai kawo maka wani, kuma ba laifi, don sun saba aiki tare. Amma kada ka tsaya nan. Ka ce wa kafintan ya nuna maka gidan da ya rufa wanda ya ga damina biyu ko uku. Sabon rufi kowa nasa kyau yake yi. Ka tsaya daga nesa ka dubi ƙashin bayan rufin: a miƙe yake ko ya lotsa? Ka tambayi maigidan ko yana yoyo, kuma ko kafintan ya dawo da aka kira shi. Ka kuma tabbatar wanda ka yi magana da shi ne zai tsaya a kan aikin, domin wasu na karɓar ayyuka uku lokaci guda su bar wa yaran shago.

Wane katako za a saya?

A nan kuɗinka ya fi saurin salwanta. A kasuwannin 'yan katako, irin ta Na'ibawa a Kano, da inci ake kiran katako: biyu-da-biyu, biyu-da-uku, biyu-da-huɗu, biyu-da-shida, tsawonsa galibi ƙafa 12. Masu kauri su ke ɗaukar nauyi, sirara kuma na ƙarƙashin kwano ne da silin. Sau da yawa abin da ake kira biyu-da-huɗu bai cika ba, saboda haka ka tafi da tef ka auna da hannunka.

Farin katako mai laushi, irin su obece, ya dace da allunan kankare da za a cire daga baya. Rufi kuwa yana son katako mai ƙarfi, kuma busasshe. Ɗanyen katako idan ya sha zafin kwano da iskar hunturu sai ya murɗe, ƙusa ta saki, rufi ya fara ƙara. Za ka gane shi da nauyi da danshi a hannu. Ka ɗaga kowanne ka leƙa tsawonsa da ido ɗaya; mai lanƙwasa, da mai tsaga, da mai ƙananan huji na ƙwaro, a mayar.

Sai maganar gara, wadda ba ta sanarwa sai ta gama ɓarna. A shafe kowane katako da maganin gara tun yana ƙasa, kowane gefe, har da bakin da aka yanke da zarto. Akwai maganin kanti irin su Solignum, wasu kuma na gauraya magani da baƙin mai. Baƙin mai shi kaɗai, a ganina, bai isa ba. Kuma katakon da aka riga aka shafe baƙi a kasuwa yana iya ɓoye aibi, gara a shafa a gabanka.

Me ke sa iska ta kwashe rufi?

Guguwar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan katako ɗora shi kawai aka yi a kan bango, dukan rufin zai tashi gaba ɗaya. Dole a ɗaure shi da ginin, da rodin da aka bari ya leƙo daga kankare, ko da langa-langa da aka binne cikin bango. Wannan sai an shirya shi tun magini na aiki, don haka ka haɗa shi da kafinta da wuri. Ka kuma lura da tazarar katakai. Mai son rage kaya yakan buɗa su fiye da kima.

Nawa za ka kashe, kuma yaya za ka biya?

Farashin katako da ƙusa na sauyawa da kasuwa, abin da ke tsaye shi ne tsarin jingar. Ko dai ka sayi kaya ka biya kuɗin aiki kawai, ko ka ba da kwangila duka da kaya. Na farko ya fi wahalar da kai, amma ka san abin da ya hau bangonka. Kowanne ka zaɓa, ka sa kafintoci biyu ko uku su rubuta maka lissafi dalla-dalla: katako nawa na kowane awo, ƙusa, magani, kwano bandir nawa, da yake bandir ɗaya falle 20 ne. Wanda lissafinsa ya yi ƙasa sosai, ka tambaye shi me ya cire.

Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ko da ɗan'uwanka ne. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. Kaso na biyu idan an gama ɗaurin katako ka duba, kafin falle ɗaya ya hau. Ragowar kuma bayan an gama, in da hali bayan ruwan farko.

Yaushe kafinta kaɗai bai isa ba?

Idan bene ne, ko zaure mai faɗi kamar masallaci ko ɗakin taro, sai injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN ya fitar da awo, kafinta ya bi. A birane kuma akwai izinin gini, a Kano daga KNUPDA, a Kaduna daga KASUPDA. Kankare na ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi, saboda haka kada ka yarda a cire turakun da ke tallafe da dakin don kawai kafinta na son allunansa a wani aiki. Injiniya ne zai faɗi ranar cirewa.