DANFO A IKKO, ƊAKIN KWANA A TURAI: YADDA AKE CETO TSOHUWAR KOMBI DAGA TSATSA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi ko Obalende cikin birnin Ikko ya san motar nan ruwan ɗorawa mai baƙin layi a gefe wadda ake kira danfo. Da yawa daga cikinsu ƙirar kamfanin Volkswagen ne na ƙasar Jamus, inji a baya, direba zaune bisa ƙafar gaba, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran fasinja. A nan abar neman abinci ce kawai, a yi ta morarta har ran da ta ƙi tashi, sa'an nan 'yan gwangwan su zo su sassare ta. To amma a Ingila da Jamus da Amurka, tsohuwar irin wannan mota, tun ba wadda aka yi wa gado da risho a ciki don yawon shan iska ba, ta zama abar marmari. Akwai ma'aikatan ofis da malaman makaranta da 'yan fansho waɗanda kan sayi gawarta, su sa a jawo musu ita har gida, su shekara biyu ko uku ko fiye suna kwance a ƙarƙashinta kowace Asabar da Lahadi, har su ga ta koma kan titi.

Asalin motar kuwa daga wani zane ne da wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, mai suna Ben Pon, ya yi cikin ɗan littafinsa a watan Afrilu na 1947, bayan ya ga wani amalanke mai inji da ma'aikatan masana'antar Wolfsburg suka harhaɗa don jigilar kaya. Aka fara ƙera ta a watan Maris na 1950, cikin 1956 aka mai da aikin birnin Hanover. Samfurin farko, mai gilashin gaba rabe biyu, ya kai har 1967 a Jamus, na biyu mai gilashi guda ya kai 1979. A ƙasar Brazil ba a daina ƙera ta ba sai a watan Disamba na 2013. A nan gida ma, masana'antar Volkswagen da ta fara aiki a Ojo, kan hanyar Badagry, cikin 1975, ta harhaɗa Kombi a zamaninta.

Mai da ita ɗakin kwana ya samo asali ne tun 1951, sa'ad da wani kamfanin Jamus, Westfalia, ya soma yin wani akwati na kabad da gado wanda ake sawa a ciki ran hutu, a fitar ran aiki. Daga baya aka zo da rufi mai ɗagawa sama don mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki. A Ingila kamfanoni irin su Dormobile da Devon suka bi sahu. Yau darajarta ta kai inda a watan Janairu na 2017 aka yi gwanjon wata ta 1965 mai taga 21 a Amurka a kan kuɗi fiye da dala 300,000. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya ga ruɓaɓɓiyar Kombi a bayan wata gona, kaji na ƙwai a cikinta, ya ji kamar ya yi tsintuwa.

Abin da ke ransa a lokacin, labule ne da gado da irin fentin da zai yi mata. Abin da zai tarar kuwa tsatsa ce, kuma ita za ta cinye mafi yawan kwanakinsa da kuɗinsa.

Tsatsa dai ba ta bukatar kome sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuwa hanzarta ta yake yi. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, hukuma kan barbaɗa gishiri a tituna da hunturu don kada motoci su yi santsi, ƙafafun mota su kwaso shi da laka su cusa a kowane lungu na ƙarƙashinta. Shi ya sa Turawa kan je har California da Arizona su sayo gangar jikin da ta tsufa a busasshiyar ƙasa, kamar dai yadda kowane direba a nan ya san motar da ta zauna Kano ko Sakkwato ta fi ta Ikko da Fatakwal lafiyar ƙarfe. Motar kwana kuma tana da nata ƙarin ciwo. Numfashin masu barci da tururin girki kan taru su zama raɓa a jikin ƙarfe mai sanyi, ta gangara bayan katakon ado inda ba mai gani. Robar taga in ta tsufa ta tsage, ruwan sama ya bi ta nan. Ruwan batir ya ɗiga ya cinye mazauninsa. Mafi muni, ƙarfen ƙarƙashin motar yawancinsa kamar bututu yake, rufe ta ko'ina, ba a yi wa cikinsa wani fenti na kirki ba a masana'anta, saboda haka daga ciki tsatsa ke cinsa. Kafin a ga ɗan ƙurji a jikin fenti, bayansa ya riga ya zama garin ƙarfe.

Don haka wanda ya san hannunsa ba ya zuwa ciniki sai da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Zai kwanta a ƙasa ya yi ta tsokalar ƙarfe, ya bi gefen motar da maganaɗisun nan. Inda ya ƙi kamawa, to ba ƙarfe a wurin, foti ne aka cika rami da shi aka shafe da fenti. An sha sare irin wannan wuri a tarar da tsohuwar jarida ko ragar waya a cushe. Mota mai sheƙin sabon fenti a hannun mai sayarwa sau da yawa kyan ɗan maciji gare ta. Gara wadda rana ta ƙone fentinta, ciwonta duk yana fili.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya sa wannan bincike ya wuce maganar kwalliya. A babbar mota ana iya ɗage bodi a bar shasi tsaye. Kombi kuwa jikinta da shasinta a haɗe suke da walda, abu guda ne. Dogayen ƙarafa biyu ne suka bi ta daga gaba zuwa baya, wasu gajeru suka gitta su kamar haƙarƙari har zuwa dokin ƙofa, inda ake kafa jak. A kansu ne ƙarfen da ya riƙe ƙafafun gaba da sitiyari yake ɗaure. In wannan wuri ya ruɓe, motar na iya tafiya lami lafiya har ran da direba zai taka birki da ƙarfi da iyalinsa a baya. Dokar gwajin motoci ta Ingila ma tana kā da duk motar da tsatsa ta raunana ƙarfenta cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure sitiyari ko birki ko bel ɗin kujera. Sai dai tun watan Mayu na 2018 an ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 wajabcin wannan gwaji, muddin ba a sauya musu ƙira ba. Watau yanzu ba lalle wani ma'aikaci ya leƙa waldar da mutum ya yi a gida ba, alhakin yana wuyansa shi kaɗai, kuma masu hankali daga cikinsu kan kai motar a gwada duk da haka.

Farkon aiki warwara ce. A fitar da gado da kabad da duk abin da wuta ke ci, a cire batir da tankin mai, a sauke inji, wanda noti huɗu ne suka haɗa shi da giya. Kowane ƙarfe a ɗauki hotonsa kafin a kwance, kowace ƙusa a sa ta a leda a rubuta mata inda ta fito, gama bayan shekara biyu ba wanda zai tuna. Ba a kuma ɗora mota kan bulo a shiga ƙarƙashinta, sai kan ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka.

Daga nan sai yanka, kuma a nan ne sababbin hannu suka fi yin ɓarna. Mutum ya ga dokin ƙofa ya ruɓe dama da hagu, ya ɗauko injin yanka ya sare su duka a yini guda. Da ya yi haka jikin motar sai ya saki ya karkace, ba kuwa zai ankara ba sai bayan watanni, ran da ya zo mai da ƙofa ta ƙi rufuwa. Ƙa'idar ita ce a fara tokare bakin kowace ƙofa da sandunan ƙarfe, a auna a rubuta, a gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan, a kuma riƙa rataya ƙofar ana gwadawa tun walda ba ta yi nisa ba. Ana yanka ne har sai an kai ga farin ƙarfe mai lafiya. Wanda ya ji tausayin ƙarfe ya liƙa faci a kan tsatsa, ya binne ta ne da ranta.

Kaurin fallen jikin Kombi bai wuce kimanin milimita 1 ba. Waldar lantarki ta sanda, irin wadda ake yin ƙofar gida da ita, huda shi take yi. Masu gyara a gida sun fi amfani da wata na'ura mai turo siririyar waya tare da iskar gas, kuma ko da ita ba a jan walda a miƙe. Ɗigo ake yi nan, a tsallaka can a yi wani, a bar ƙarfe ya huce, a dawo a cike tsakani, don zafi in ya taru wuri guda sai fallen ya lanƙwashe kamar faifai. Gefen Kombi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, dogo, ba ya ɓoye laifi ko kaɗan. Ana samun sababbin fallaye na kusan kowane sashe a kasuwa, amma ba safai sukan zauna daidai ba sai an sha guduma da yanka. Inda babu na sayarwa, a yanka kwali a fitar da siffar wurin, a ɗora kan ƙarfe a bi. Aiki ne da fanel bita na Kaduna ko Onitsha zai yi cikin mako, amma ma'aikacin banki da ya koyi walda jiya sai ya yi wata uku a kansa.

Haɗarin aikin ma ba kaɗan ba ne. Baƙin kwalta da aka shafe ƙarƙashin motar da shi yana kama wuta, wani lokaci ya yi ta ci a ɓoye cikin bututu bayan mai walda ya shiga gida cin abinci. Tartsatsin injin yanka in ya sami gilashi sai ya dasa masa ɗigon ƙarfe da ba ya fita. Fentin mota na zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da guba mai lalata huhu, wadda ƙyallen rufe hanci ba ya tarewa, shi ya sa da yawa kan yi walda a gida su kai fenti wurin masu sana'ar. Bayan fenti sai a fesa wani narkakken kaki cikin kowane bututu, a kuma tabbata ƙananan kafofin da ruwa ke fita ba su toshe ba.

Inji shi ne mai sauƙi. Ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi, kuma tun 1969 wani Ba'amurke, John Muir, ya wallafa littafin da ya koya wa dubban mutanen da ba kanikawa ba yadda za su kula da shi. A sauya baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, a daidaita bawul a kan milimita 0.15 inji na sanyi, a tabbata fallayen da suka lulluɓe shi da robar da ta kewaye shi suna nan, don su ne ke hana shi shaƙar iskar da ya riga ya ɗumama. Amma akwai abu guda da ya cinye Kombi masu yawa bayan an gama wahalarsu, watau tiyon fetur. Tankin mai yana daf da inji, tiyon roba ya bi ta kusa da wayoyin fulogi da ƙarfe mai zafi. In ya tsufa ya tsage, direba yana can gaba bai sani ba sai na bayansa sun yi ta masa oda. Tukunyar injin kuma da wani ƙarfe aka yi ta mai suna maganiziyam, wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Tun da aka mai da fetur mai haɗin ethanol har kashi 10 cikin 100 ya zama na yau da kullum a Ingila a watan Satumba na 2021, abin ya ƙaru, gama ethanol na cin tsohuwar roba. Haka kuma ɗumin da ke shiga cikin motar daga jikin salansa ake ɗebo shi, in tsatsa ta huda wurin sai hayaƙi mai kisa ya biyo. Tukunyar gas ta girki ma dole a yi mata akwati mai kafa a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci.

Ba kowa ke kai wa ga wannan mataki ba. Shafukan tallan tsofaffin motoci a Ingila ba sa rabuwa da Kombi da aka warware aka kasa mayarwa, gangar jiki a gefe, kayan ciki a kwalaye, mai ita ya gaji ko kuɗi sun ƙare ko uwargida ta ce a ba ta filin gidanta. Wanda ya jure kuwa, in ya zauna ya yi lissafi na gaskiya, sau da yawa zai ga abin da ya kashe ya kai ko ya zarce kuɗin wadda aka riga aka gyara, ban da kwanakinsa. Ladarsa dai ya san abin da ke ƙarƙashin fentin, tun da shi ya sa shi da hannunsa.

Motar da zai fito da ita kuma ba ta gudu. Mai injin 1600 ƙarfin doki 50 gare ta, da ƙyar take wuce kilomita 100 a awa, in ta sami hawa manyan motoci ma wuce ta suke yi, iska in ta bugo ta gefe sai direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A Jamus motar da ta cika shekara 30 tana kan siffarta ta asali kan sami lamba mai harafin H a ƙarshe, da rangwamen haraji. Akwai kuma wata lambar mai nuna watannin da aka yarda mota ta hau titi, alal misali daga Afrilu zuwa Oktoba. Masu Kombi da yawa irinta suke karɓa. Da an shiga Nuwamba sai su wanke ƙarƙashinta, su ƙara mata kaki, su rufe ta a gareji har ruwan bazara ya wanke gishirin tituna.