Kafin Ka Sayi Baro, Auna Ƙofar Zaurenka

Yawancin masu sayen baro a Zariya da ido suke saye. Mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, ya tarar an jera su a bakin shago, ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ya nuna wanda ya fi girma da sheƙi, a yi ciniki, a ɗaure masa a bayan babur. Sai an iso cikin birni a ga ta'asa: baro ya shiga zaure, ya ƙi juyawa.

Birnin Zazzau ba don taya aka tsara shi ba. Lungunan Kwarbai da Kaura da Limancin Kona daidai mutum da jakinsa aka fitar da su. Ƙasar da aka yi ganuwa da ita, da wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ita a shekarun 1830, a ka aka ɗauko ta, ko a mangala bisa jaki. Tsofaffin gidaje kuwa da gangan aka hana ƙofofinsu kallon juna, don kada na waje ya hango cikin gida. Ka shiga zaure, ka karya kwana, ka haura dokin ƙofa, ka sake karya wata. Saboda haka hanyar da baro zai riƙa bi ita ce za ta zaɓa maka shi. Ka sami igiya ka auna ƙofar da ta fi ƙunci a gidanka, ka tafi da ita kasuwa a aljihu. Ka tuna kuma hannuwanka biyu suna gefe, su ma suna son wurin wucewa, in ba haka ba bango ya kwashe maka fatar yatsu.

A irin wannan wuri mai taya ɗaya ya fi. Yana juyawa a inda yake tsaye, yana hawa katako ɗaya da aka gitta a kan kwata, kuma a lambu yana bin tsakanin kunya ba tare da ya taka shuka ba. Mai taya biyu ba ya kifewa da sauƙi, ya dace da dattijo ko mai ɗaukar jarkokin ruwa a fili, amma faɗinsa na kurar 'yan ga-ruwa ne, titi yake so.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato inda kwanon baro ya zauna. Mutanen Sin, waɗanda zanen baro ya bayyana a kaburburansu tun ƙarni na 2, a tsakiya suka sa babbar taya, kaya suna bisa kanta, mai turawa saiti kawai yake yi. Wanda ya iso mana samfurin Turai ne, taya a gaba, don haka nauyi a rabe yake tsakanin taya da kafaɗarka. Gwargwadon yadda kwano ya matsa kan taya, gwargwadon sauƙin da hannunka zai samu. Ka sa mai shago ya ɗora maka buhun siminti, kilo 50 ke nan, ka ɗaga ka taka 'yan taku. Baro biyu masu kama ɗaya, sai ka ji ɗaya kamar ba kaya, ɗaya yana jan ƙugu. Idan kuma sai ka sunkuya kafin ka kama mariƙi, ko ƙafafunsa suna dukan ƙasa kana tafiya, ba tsawonka ba ne, bar shi.

Girma ma yaudara ne. Lita ɗaya ta yashi ta kai kilo ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe ya fi haka. Kwano mai cin lita 65, in an cika shi, ya doshi kilo 100. Wanda aikinsa shara ne da ganye da harawar tumaki, babban kwano mara nauyi ya ishe shi. Mai jidar ƙasar yaɓe kafin damina, ko yashi da tsakuwa da bulo, matsakaici mai kaurin ƙarfe zai nema. Danna gindin kwanon da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo yana ƙara, langa-langa ne aka shafa wa fenti, damina biyu ba zai gani ba.

Sai taya, wadda a ganina ita ce rabin kuɗin baro. Mai iska tana da laushi, tana haye dokin ƙofa da duwatsu, ba ta nutsewa a taɓon Agusta ko a dausayin bakin Kubanni da Galma inda ake noman rani. Aibinta ƙusa da ƙaya da fasasshiyar kwalba, ga shi in an daɗe ba a taɓa ta ba sai a tarar ta sace. Ta roba zalla ba ruwanta da mai faci, amma duk wani gargada sai ka ji shi a gwiwar hannu. Wanda zai tura kullum ya ɗauki mai iska, mai faci ba ya wuya a Zariya. Wanda sai jifa-jifa yake fito da shi ya ɗauki ta roba. Kowacce ce dai, ɗaga gaban baron ka wulwula tayar, sannan ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa ko tana kuka tun tana sabuwa, boris ɗin na banza ne.

Kada kuma a raina na masu walda. Ba shi da kyan gani, ya fi nauyi, amma sau da yawa ƙarfensa ya fi na kanti kauri, kuma kana iya cewa a rage maka faɗi daidai ƙofarka. 'Yan baron kasuwa, waɗanda da shi suke ci, da yawansu irinsa suke turawa. Abin dubawa shi ne waldar, a ga ta bi layi gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba, musamman inda ƙafafu suka haɗu da mariƙi. Kwanon roba kuwa ba ya tsatsa, sai dai rana tana busar da shi ya tsage, kuma toka mai zafi daga murhu tana huda shi.

Abin da ya fi kashe baro a gidajenmu ba nauyi ba ne, taki ne da ruwa. Kashin awaki da fitsarinsu suna cin ƙarfe, kwaɓin siminti in ya kwana ya zama dutse, sai an sa guduma, gudumar kuma ta fasa kwano. A ɗauraye shi bayan aiki, a jingine shi a bango fuskarsa na kallon ƙasa don kada ruwan sama ya kwanta sauro ya samu gida, a riƙa ɗiga wa boris baƙin mai. Maƙwabta kuwa za su aiko yara aro, wannan ba makawa. Ka rubuta sunan gidanku da fenti a gefen kwanon tun ranar da aka kawo shi.