Inji Ana Sayensa, Shugaba Sai An Raine Shi: Darasi Daga Gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya kai garin Kura zai ga abin mamaki. A daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau a sauran wurare, nan gonaki ne kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa. Sirrin wannan ni'ima shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Da yake madatsar ta fi gonakin tudu, ruwa yana gangarowa da kansa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashin farko na wannan shiri an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Sai dai shekaru hamsin na noman rani a wannan yanki sun koyar da darasi guda mai nauyi. Kuɗi suna iya gina madatsa, suna iya sayo inji daga Turai cikin 'yan watanni, amma mutumin da zai jagoranci jama'a su ci moriyar injin, shi ba a kasuwa ake samunsa ba. Rainonsa ake yi, kamar yadda ake rainon irin dashe.

Dalili kuwa shi ne, al'amura a nan ba sa tsayawa wuri ɗaya. A 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama, manoma suka raja'a a kanta. Bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, farashi ya karye. A 2001 wayar salula ta shigo, manomin Bunkure ya sami damar jin farashin kwando a Legas tun kafin dillali ya buɗe baki. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, kasuwar shinkafar gida ta buɗe, masu injin casa da mata masu turara shinkafa a Kura suka sami ciniki. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya yi tashin gwauron zabo, wasu suka fara karkata ga mai amfani da hasken rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya ɗaga wani, ya kayar da wani. Sau da yawa bambancin yana ga wanda ke riƙe da ragamar kamfani ko ƙungiya.

Babban misali shi ne masana'antar sarrafa tumatir ta kamfanin Dangote da ke Kadawa, wadda ta fara aiki a 2016. An gina ta ne da ƙarfin markaɗa tan 1,200 na tumatir a kowace rana. In an ƙaddara mota ɗaya tana ɗaukar tan 30, ke nan sai motoci 40 sun sauke kaya kullum kafin injin ya ƙoshi. Wannan tumatir kuwa yana hannun dubban ƙananan manoma ne, kowa da ɗan filinsa da lissafinsa.

A shekarar ce wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta auka wa gonaki. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, wanda kan saka ƙwai sama da 200. Tsutsar kan kutsa cikin naman ganye ta ɓuya, inda feshi ba ya cika riskarta, ga shi kuma tana saurin sabawa da magani. Cikin 'yan makonni gonaki suka ƙone, tumatir ya yi tsada, masana'anta ta tsaya don rashin abin markaɗawa. Ko bayan da ta koma aiki a 2019, an ci gaba da fama da wata matsalar: duk lokacin da farashin kasuwa ya ɗara na kamfani, manomi kasuwa yake nufa da kwandonsa.

A nan ake gane irin ƙwarewar da shugaban zamani yake bukata. Ta farko ita ce sanin ilimin abin da yake jagoranta. Manajan da ya san rayuwar tsutsa zai sa a kafa tarkon ƙamshi, wanda ke janyo namijin ƙwaron, domin a ga alamar annoba tun kafin ta yi ƙarfi, kuma zai nemi shawarar masana irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke da tashar gwaji a Kadawa. Ta biyu ita ce iya lissafi da ajiye rubutu: tan nawa hekta take bayarwa, nawa aka kashe, nawa ya lalace a hanya. Ta uku, wadda ta fi sauran wuyar samu, ita ce riƙon amana. Manomin da aka biya a kan lokaci bara, shi ne zai kawo kaya bana ko da kasuwa ta ɗan fi tsoka. Hausawa sun ce alkawari kaya ne.

To, ina ake koyon wannan? Ɗaya daga cikin makarantunsa tana bakin kanal. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara ayyukan noman rani a arewacin Nijeriya, kuma wani ginshiƙinsa shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su ɗauki nauyin yashe ƙananan hanyoyin ruwa da tattara kuɗin ruwa. Shugaban irin wannan ƙungiya yana fuskantar jarrabawa a kowane mako. Ruwa yakan fara isa ga na kusa da bakin ƙofa, na can ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage, musamman idan kacalla da laka sun toshe hanya. Idan shugaba ya kasa tsara kwanakin ban-ruwa bisa adalci, yabanyar na ƙarshe za ta bushe, shi kuma ya ƙi biyan kuɗi, gyara ya tsaya, asara ta game kowa. Wanda ya iya raba ruwa tsakanin maƙwabta ba tare da rigima ba, ya fara mallakar abin da manyan kamfanoni suke nema.

Haka kuma al'umma kanta tana sauyawa. A da maganar dattijo ko Sarkin Noma ita ce yankan hukunci. Yanzu ga matasa masu ilimin boko da waya a hannu, ga mata da suke juya jari a sana'ar shinkafa. Kamfanin da ya san ciwon kansa zai haɗa gogewar dattijo da idon matashi, ya ba na ƙasa ƙaramin aiki ya riƙe, ya bar shi ya yi kuskure ya gyara, sannan a ƙara masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka wannan aiki yana farawa ne tun daga makarantar sakandare. Malami yana iya raba gonar makaranta ga ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa da ma'ajinsa da littafin lissafinsa, ana karɓa-karɓa kowane zango, a ƙarshe kowa ya tsaya gaban aji ya yi bayanin ribarsa ko faɗuwarsa. Ruwan Tiga zai ci gaba da gangarowa, sababbin injuna za su zo, sababbin ƙwari ma haka. Ko ruwan zai kai ga gonar ƙarshen layi, wannan ya rataya ne a wuyan waɗanda suke zaune a aji a yau.