KAFIN KA BIYA KUƊIN ƘARAMAR MOTA TA HANNU

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku zai ga motoci jere a gefen titi, an wanke su sai ƙyalli su ke yi, waɗansu an aza musu galan a ka, alamar na sayarwa ne. Haka abin ya ke ta wajen Tarauni a kan hanyar Maiduguri. Cikin masu zagaya motocin nan ba a rasa malamin makaranta ko akawu wanda ya shekara biyar yana adashi, ko kuwa ya ci rancen da za a riƙa yanka daga albashinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, idon irinmu ya koma kan ƙanana marasa shan mai, kamar su Corolla da Civic da Golf da Peugeot 206. To, mai albashi sau ɗaya ya ke da ikon yin wannan ciniki. In ya faɗa rijiya, kuɗin makarantar 'ya'yansa ne zai tafi gareji.

Wani malami da muka yi aiki tare a kwalejin horon malamai ya sayi tasa da la'asar sakaliya. Ya tarar injin na aiki lafiya lau, dillali na ta yabo, bakaniken da dillalin ya kira shi ma ya sa albarka. Kwana tara bayan haka ta tafasa a hanyar Wudil. Da aka buɗe, ashe gasket ya daɗe da ƙonewa. Kuskurensa guda biyu ne: ya je a lokacin da mai mota ya zaɓa, ya kuma yarda da bakaniken da ke da rabo cikin la'ada.

Saboda haka je ka da sassafe, da bakanikenka na kanka wanda kai za ka biya. Ka fara ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tashe ta don kada ka ji tarin farko, sai ka ce gobe ka dawo. Injin mai sanyi ba ya iya ɓoye ciwonsa. Kafin a tayar, buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. In ka ga wani abu fari-fari kamar an dama madara da ƙasa, ruwa na haɗuwa da mai. Lagireto kuma da sanyinsa a ke buɗe shi, kada mai ya kasance yana yawo a bisa ruwan. Sa'an nan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gaban direba duk sun kama, musamman mai siffar injin, su kuma mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, watakila cire ƙwanta aka yi don kada ta tona asiri.

Da ta tashi, koma baya ka tsaya wajen salansa. Ɗan farin tururi da safe lokacin hunturu ba kome ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa, injin na cin baƙin mai, watau ringi ya gaji. Baƙin hayaƙi fetur ne ke ƙonewa fiye da kima. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, wannan shi ne ciwon motar abokina.

Maleji kada ya ruɗe ka, gama mayar da shi baya aikin minti kaɗan ne. Dubi robar birki da sitiyari da kujerar direba, su ne ba su iya ƙarya. Ka tuna kuma motar Amurka da mil ta ke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, watau mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan. Tayoyi ma suna da shekarunsu a rubuce: lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, in ka ga 2318, mako na 23 ke nan na 2018.

Motocin da mu ke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, da yawansu daga wuraren gwanjon motocin haɗari na Amurka da Kanada su ke fitowa. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar ta guguwar da ta auka wa birnin Houston a 2017. Irin waɗannan wayarsu ba ta sake yin lafiya. Ɗaga kafet, cire tayar safaya, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka nemi laka ko alamar ruwa ko warin rima. Ƙasashen sanyi kuma gishiri su ke zuba wa titi don narkar da ƙanƙara, shi ya sa tilas bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa. Ɗan maganaɗisu a aljihu yana da amfani, domin inda aka cike lotsawa aka bi da fenti ba ya kamawa. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ni dai ba na ba kowa shawarar ya ɗauki iyalinsa a cikinta.

Kada ka yarda da zagayen fili. Shiga da ita lungunan Tarauni inda gargada za ta sa ƙafafunta su yi magana, sa'an nan ka miƙe hanya har ka wuce Na'ibawa, ka ji yadda giya ke shiga, ka taka birki ka ga ko tana ja gefe guda, idonka na kan allurar zafi. Tambayi kuma ko injin da bel ya ke ko da sarƙa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙa gare ta. Golf 3 da 206 bel ne, in kuwa ba a san ranar da aka sa shi ba, sa kuɗin sabo cikin lissafinka. Kafin ka yi tayi, aika Ƙofar Ruwa a tambayo farashin kayan gyaranta. Motar da sai an aika Ikko neman fitilarta ba ta mai albashi ba ce, kome arharta.

Saura takardu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, lalle ta dace da ta takardar kwastan harafi da harafi. A motocin Amurka na goma cikinsu shi ke nuna shekarar ƙira, nan a ke kama wanda ya sake wa ta 2005 fitilu ya ce ta 2008 ce. Tun 1 ga Janairu, 2017, aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Maraɗi bayan wannan rana, a kai takardarta ofishin kwastan a tabbatar tukuna. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, kuɗi kuma su bi ta banki da sunan wanda ke cikin takarda.