Masanin da Ya Koyi Fari Daga Wake

Mai sayen ƙosai a Dorayi da wuya ya san sunan B. B. Singh, masanin da ya shafe shekaru yana binciken wake a tashar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano. Dabararsa mai sauƙi ce: a shuka wake cikin akwatin katako, ya tsiro, sai a hana shi ruwa. Sakamakon da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa Ɗan Ila da Ƙanannado, irin waken manomanmu, suna janye ruwa daga tsofaffin ganyensu domin rayar da sabon toho. Wani zai ce akwati ba gona ba ne. Gaskiya ne, amma rashin zurfinsa shi ne amfaninsa: saiwa ba ta samun inda za ta nemo danshi, don haka juriyar ganye da kara kaɗai ake aunawa.