Mene ne baje kolin kayan tarihi na ɗan lokaci, kuma mene ne amfanin ɗan jagora?

Wani mai sauraronmu manomi daga Moriki, cikin ƙaramar hukumar Zurmi, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya ji a labarai an buɗe baje kolin kayan tarihi na wata uku, har ana zagayawa da baƙi ana yi masu bayani. Shi ne yake tambaya: me ya sa ake yanke wa abin lokaci, kuma mutum mai idonsa garau, ina ruwansa da ɗan jagora?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Shi gidan tarihi nuni iri biyu yake yi. Akwai na dindindin, wanda duk ranar da ka je za ka tarar da kayan a wurinsu, kamar yadda yake a Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Akwai kuma na ɗan lokaci, wanda kamar kasuwar mako yake: a baje, a ci, a watse. Dalili kuwa, yawancin kayan aro ne daga wasu gidajen, wani lokaci ma daga wata ƙasa, dole a mayar wa masu su. Wasu kuma kamar tsofaffin riguna da takardun ajami ba sa jure haske, in sun daɗe a fili sai su koɗe. Saboda haka wanda ya yi sakaci har aka tashi, to sai dai ya ji labari.

Batun ɗan jagora kuwa, ai ka san an ce da ɗan gari akan ci gari. In ka shiga kai kaɗai, za ka ga fasasshiyar tukunya cikin gilashi, ka ce ai irinta na nan jibge a bayan gidanka. Ɗan jagora ne zai gaya maka inda aka tono ta, da shekarunta, da abin da aka samu kusa da ita. Yakan tara mutane kaɗan, ya bi da su ɗaki ɗaki, kamar awa guda. Ga wanda bai yi boko ba abin ya fi amfani, don rubutun da ke jikin kayan galibi da Turanci ne, shi kuwa sai ka roƙe shi ya yi maka da Hausa.

Ga misali. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka sake samun wani a wajen Jama'a, wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa don ya tsare masa ita. Da wani Bature mai suna Bernard Fagg ya gan shi, ya gane aikin mutanen da ne. Irin waɗannan kaya na cikin abin da ya sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 masana na jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da 'yan Najeriya, suka shiga haƙa a tsanake. A ƙarshen 2013 aka baje sama da guda 100 na abin da suka samu a birnin Frankfurt na 'yan watanni, sannan aka dawo da su gida.

Abin da zai ba ka sha'awa, wanda ya san wannan bincike zai iya gaya maka cewa mutanen Nok, sama da shekara 2,000 da suka wuce, gero da wake suke nomawa, kamar kai, kuma suna narka tama su fitar da ƙarfe. Ta yaya aka sani? Don an samu ƙonannun ƙwayoyin hatsi da gawayi a cikin ƙasar da kayan suke kwance, aka auna su aka gano shekarunsu.

A nan ne maganar ta shafe ka kai tsaye. Irin waɗannan kayan yumɓu akwai su a ƙasar Katsina da Sakkwato, har da wajen Kwatarkwashi kusa da Gusau. A shekarun 1990 an yi ta tono su a ɓoye ana sayar wa 'yan kamasho da araha, su tsallaka da su Turai. Abin ya yi muni har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da take gargaɗin kada a saya. Abin da aka ciro haka ba a san raminsa ba, ya zama bebe. Ko ɗan jagora ya kai wa ilimi, ba shi da abin faɗa a kansa sai dai ya ce yana da kyau.

Saboda haka in garmarka ta ci karo da tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi a gona, kada ka fasa, kada ka sayar, kada ka ƙara tono. Ajiye shi ba bauta masa ba ne, shaida ce ta waɗanda suka riga mu zama a ƙasar. Ka sanar da mai gari ko hakimi, su kai magana ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dokar da ta kafa ta a 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba.

In kuma fatauci ya kai ka Kano ko Kaduna, hanya ta yi kyau, ka ware awa ɗaya ka leƙa. Ka tambayi kuɗin shiga tun a ƙofa, ka ce kana son mai zagayawa da kai. Kada ka taɓa kaya, don gumin hannu na ɓata su, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, ai matambayi ba ya ɓata.

Da fatan mun amsa maka. A gaida mutanen Moriki, Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya.